Ranar da Barsu Ya Fita Yawo da Muttaka

Duk wanda ya taɓa zama teburin shayin Jamilu, nan bakin tashar Kaura Namoda, ya san Muttaka mai cajin waya. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Mutum ne da Allah ya hore wa baki, sauran kayan aikin kuma aka ce ya dawo gobe. In hirar noma ake, shi ya koya wa malaman gona aiki. In ta 'yan bindiga ce, ya taɓa korar bakwai da tsawa ɗaya, sai dai a ranar babu kowa a wurin.

Bakin nan ne ya kori matarsa Mubaraka. Ya zauna a majalisa ya ce shi ya koya mata tuƙa tuwo, miyarta ma sai ya bi baya ya gyara. Kafin la'asar magana ta isa kunnenta. Ta ɗaure kayanta ta yi yaji zuwa Tungar Gawo, wani ƙauye a gefen hanyar Zurmi inda ubanta Malam Dogo yake mai gari. Auren kuwa dama a kan igiya ɗaya yake rawa. Sau biyu Muttaka yana sakinta cikin fushi, sau biyu ana sasantawa. In ta ukun ta tsinke, sai dai ya gan ta a gidan wani.

Da aka kwana goma sha tara, Abbati tela ya dube shi ya ce, “Muttaka, ka tahi biko. Dubi wuyanka. Shayi da burodi ba su riƙe magidanci.”

“Ni? Biko?” Muttaka ya miƙe tsaye don na nesa ma su ji. “Ku shaida dukanku. Da ƙahwarta ta tahi, da ƙahwarta za ta dawo. In ƙahwata ta taka ƙasar Tungar Gawo kahin matar ga ta dawo ɗakinta, a bakin igiyar da ta rage.”

Jamilu ya ajiye kofin da yake ɗauraya. Kowa ya san ba a wasa da rantsuwa a bakin aure. Shi kansa Muttaka nan take ya yi da-na-sani, domin gaskiyar magana yana son matarsa, son da ko ita bai taɓa gaya wa ba. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Abin da Mubaraka ta bari a gidan, ban da tukwanen da ya rasa yadda zai yi da su, shi ne Barsu, wani jan kare mai yankakken kunne da Malam Dogo ya ba su bara don gadi. A Tungar Gawo aka haife shi, a hannun Mubaraka yake cin ƙanzo. Tun da ta tafi ya kwanta bakin ƙofa yana yi wa Muttaka kallon baƙon da ya daɗe bai tafi ba.

To, a waya Muttaka ya ga yadda 'yan Abuja suke yi. Mutum ya saka baƙin gilashi, ya goya jaka, ya riƙe kare da igiya, ya hau dutse shi kaɗai yana murmushi. Nan take dabara ta faɗo masa. Zai tafi Dutsen Maiki, can wajen hanyar Shinkafi, ya hau ƙololuwa ya ɗauki hoto shi da kare, ya watsa. Mubaraka za ta gani a wayar yayyenta, ta gane miji yana shan iskar duniya ba tare da ita ba, hankalinta ya tashi ta tattaro kayanta. A lissafinsa, kwana biyu ya yi yawa.

Da sassafe ya bayyana a teburin shayi cikin wandon motsa jiki na gwanjo da farin kambas, jakar makaranta a baya, gorar ruwa a hannu, Barsu ɗaure da igiyar akuya.

“Ina za a da kare tun da sahe?” in ji Jamilu. “Hwarauta?”

“Haikin aka ce mishi. Yawon manya. Kai kaɗai da karenka, ka shiga daji, ka hau dutse, ka sha iska.”

“Au, tahiyar ƙasa. Kakana ya yi ta har Sakkwato, bai ko gaya ma kowa ba.”

“Kakanka don babu mota ya yi. Ni akwai mota nika yi. Wanga shi a bambancin wayayye da wanda ba shi ba.”

Abbati ya ce, “Daji yanzu, mai gona ma da addu'a shika shiga. Ka ko san hanya?”

“Ni da na san dajin ga tun ba a dasa mishi itace ba? Ku dai ku cika wayoyinku da caji, hoto na nan tahe.”

Ya ja igiya, Barsu ya ƙi motsi. Ya sake ja, kare ya yi hamma. Sai da wani ya wuce da tiren nama zuwa bayan tasha sannan Barsu ya zabura, Muttaka ya bi shi da sassarfa yana ɗaga wa majalisa hannu kamar shi ya ba da umarni.

Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo. Suna barin gidajen bakin gari hanya ta rabu uku, kowace ta shige cikin kara, babu dutse babu alamarsa. Muttaka ya tsaya ya duba waya, babu sabis. Ya dubi sama, rana tana inda take. Barsu kuwa ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya kaɗa wutsiya karo na farko cikin kwana ashirin, ya kama hanyar dama da ƙarfinsa.

“Yauwa,” in ji Muttaka. “Ita nika shirin bi dama.”

Da suka yi nisa ya tuna 'yan Abuja suna shayar da karnukansu a hanya. Ya buɗe gora zai tsiyaya a murfi, Barsu ya riga shi, ya zura harshe ya lashe bakin gorar tas. Muttaka ya yi salati. Ya san abin da kare ya sa wa baki sai an wanke sau bakwai, wannan kam ya riƙe tun makarantar allo. Ya durƙusa ya shiga wanki, yana ƙirgawa da ƙarfi, da ruwan da ke cikin gorar. Yana kaiwa bakwai gora ta tsarkaka, ruwa kuma ya ƙare. Ya rufe ta da kyau ya mayar cikin jaka.

Gaba kaɗan wasu zabi suka tashi daga gonar wake. Barsu ya manta da cewa akwai mutum a ƙarshen igiya. Ya yanka cikin gona, Muttaka na biye, igiya naɗe a wuyan hannunsa don haka ya ga ana yi a waya. Suka keta wake, suka keta gyaɗa, suka faɗa wani fili da ƙarangiya ta yi wa gida. Kafin su fita, wandon gwanjo ya koma kamar bayan bushiya. Duk inda ya taɓa don cirewa sai ta koma yatsa, ya kai yatsa baki ta kama leɓe.

Daga nan sai fadama. Kare ya bi ta gefe ya haye abinsa. Muttaka ya ce ba zai bi sawun kare ba, shi ya san inda ƙasa take da ƙarfi. Taku na uku laka ta haɗiye shi har gwiwa. Ya fizgo ƙafa, ƙafa ta fito, kambas ya ce shi ya samu wurin zama. Ya sunkuya laluben takalmi, Barsu ya hango wani abu ya ja igiya, sai ga wayayye kwance rub da ciki. Da ya ɗago, laka ta shafe shi daga goshi har ƙirji, gilashi ya rasa ido ɗaya.

A bakin fadamar wani dattijon Bafulatani yana tsaye da sanda a kafaɗa, shanunsa na kiwo. Ya kalli abin tun daga farko bai sa baki ba.

“Sannu, ɗan birni,” in ji shi. “Kai ka jan kare, ko kare ka jan ka?”

“Horo nika ba shi.”

“Allah shi ba da lada. Ina za ku?”

“Dutsen Maiki.”

Dattijo ya juya ya nuna da sanda can bayan Muttaka. “Dutse na can. Tun ɗazu ka ba shi baya.”

“Gajeruwar hanya ta, Baffa. Ba kowa ya san ta ba.”

“Lalle. Shekara sittin ina kiwo nan, ban san ta ba.” Ya dubi karen. “Shi dai wanga ya san inda za shi.”

Da Muttaka mai jin magana ne, da nan ya juya. Amma juyawa a gaban makiyayi daidai yake da amsa cewa ya ɓata, shi kuwa gara ya kwana a daji. Ya ɗingisa gaba, ƙafa ɗaya kambas ɗaya safa, maƙogwaro ya bushe, Barsu sai ƙara sauri yake yana wani kuka ƙasa-ƙasa.

Rana ta take tsaka suka fito daga cikin dawa. Muttaka ya ɗaga kai ya ga tankin ruwa mai shuɗin fenti. Ya ga hasumiyar masallaci da lasifikarta a karkace. Ya ga ƙaton gawon da ya zubar da ganye tun farkon damina, wanda a ƙarƙashinsa aka ɗaura masa aure. Taku goma a gabansa ga kwalbatin da kowa ya sani daga shi Tungar Gawo ta fara.

Ya rungume wata ɗorawa da hannu ɗaya, kare na ja, shi yana ja. “Barsu, don girman Allah, aurena,” yake cewa. Kare bai san wannan hukuncin ba. Igiya ta zame ta tafi da fatar hannu, Barsu ya haye kwalbati ya shige gari a guje.

Muttaka ya laɓe bayan ɗorawa yana haki. Ya fito da waya ya ɗaga sama yana juya ta wajen gari, ko Allah zai sa ya samu sabis ya kira Abbati. A daidai lokacin wasu mata suka taso daga roron wake. Suka ga mutum baƙi ƙirin da laka, da jaka, da gilashi mai ido ɗaya, a laɓe yana nuna garinsu da waya. A shekarun nan ba a tsayawa tambayar irin wannan. Suka watsar da kwanduna suka ruga.

Kafin ya yi tunanin gudu 'yan sa-kai shida sun kewaye shi, babbansu wani Safwan da bindigar toka.

“Mi kaka ɗauka?”

“Sabis nika nema.”

“Duk haka suka cewa. Wa ya aiko ka?”

“Kare.”

Wani ya ɗaga sanda zai maka masa, Safwan ya tare. Aka ɗaure masa hannu da igiyar dami aka ce ya wuce gaba zuwa wurin mai gari. Sai Muttaka ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, “Ku kashe ni nan, amma ba ni shiga garin ga.” Wannan ya ƙara tabbatar musu lalle akwai abin da ya sani za a yi wa garin. Suka jawo baron da aka kai taki gona, suka ɗaga shi cak suka zuba a ciki. Haka ya haye kwalbati, ƙafafu a sama, yana roƙon mai turawa ya bi a hankali kada a kifar.

Kafin su kai ƙofar mai gari, duk wanda ke da ƙafa a Tungar Gawo ya hallara. Malam Dogo yana kan buzu a bakin zaure. Bai buɗe baki ba sai ga Barsu ya fito daga cikin gida, baki duk miya, ya yi tsalle ya faɗa baro ya shiga lasar fuskar ɗaurarre.

“Barsu ba shi lasar baƙo,” in ji Malam Dogo. “Ku zuba ma mutumin ga ruwa mu gani.”

Aka juye masa buta biyu. Laka ta gangara, suruki ya bayyana.

Malam Dogo ya daɗe yana kallonsa. “Ku kwance shi. Sauko, ɗana, mu shiga daga ciki.”

“Ba ni iya sauka, Baba.”

“Karaya ka samu?”

“Rantsuwa niy yi.”

Ashe ba sai ya yi bayani ba. 'Yan kabu-kabu sun kawo labarin rantsuwar tun jiya, har da yadda ya miƙe tsaye. Dariya ta fara daga wajen mata ta zagayo. Aka aika kiran Liman, ya zo yana gyara rawani, ya zagaya baro sau ɗaya yana duban ƙafafun Muttaka.

“Wanda anka shigo da shi ɗaure, ba shi ya shigo ba,” in ji Liman. “Aure na nan. Amma yanzu an kwance shi. In ya sa ƙahwa ƙasa da kai nai, to ya taka, igiya ta tahi.”

Muttaka ya ƙara naɗe ƙafafu. Rana ta gasa ƙarfen baro, ragowar taki ya ji ruwa ya fara tashi, ƙarangiya na cinsa ta inda ba ya iya sosawa a gaban suruki. Wata tsohuwa ta ce a kawo masa tabarma, wani ya ce tabarma ma a ƙasar Tungar Gawo take.

Sai muryar Mubaraka ta fito daga cikin zaure, a natse. “Baba, a tambaye shi mi ya kawo shi.”

Muttaka ya ga dama ta samu. “Biko na zo. Tun asuba na ɗaura niyya.”

“In da niyya ka taho,” in ji Liman, “to ba tilas anka yi maka ba. Sai mu sake duba hukuncin.”

“A'a, Malam, wace niyya? Kare ya jawo ni, waɗanga sunka ƙarasa. Ni Dutsen Maiki za ni.”

“To ba don ni ya zo ba,” in ji Mubaraka. “A maida shi inda anka ɗauko shi.”

Gaba kura, baya sayaki. Muttaka ya laluba ko akwai wata ƙaryar da ta rage a ajiye, babu. Safwan ya kama hannun baro zai juya shi. Nan tsoro na gaske ya kama shi, ya hango gidansa ba kowa, ya ga kansa yana tsufa a teburin shayi.

“Tsaya,” ya ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama, ba wadda aka sani a tasha ba. “Mubaraka, ƙarya niy yi. Ko kunu ban iya damawa ba. Kwana ashirin ban ci tuwo ba, ban kuma yi barcin kirki ba. Ban zo da niyya ba, amma tunda Allah ya kawo ni, ki yi haƙuri ki koma ɗakinki.”

Malam Dogo ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can Mubaraka ta fito bakin zaure cikin hijabi, ƙullin kayanta a hannu, wanda da alama ba yau aka ɗaure shi ba.

“Na ji, za ni koma,” ta ce. “Amma an tara mutane an ce da ƙahwata za ni dawo. To wallahi ba ni taka hanyar Kaura. In ƙahwata ta taɓa ƙasa kahin ƙohwar ɗakina, nan za ni juyo.”

“A nemo babur,” in ji Muttaka da sauri.

“Yau kasuwar Shinkafi,” in ji Malam Dogo. “Babura duk sun tahi.” Ya dubi baro, ya dubi surukinsa. “Ga abin hawa ka zo da shi.”

Aka tura Muttaka har bayan kwalbati aka juye shi. Aka mayar da baro ƙofar zaure, mata suka wanke shi, suka shimfiɗa buhu da zane. Mubaraka ta hau ta zauna ta gyara hijabi, aka ɗora mata ƙullin kaya a cinya, uban ya ƙara da rabin buhun wake don kada 'yarsa ta koma hannu sake. Aka turo ta har bayan kwalbati, Muttaka ya kama hannun baro. Wannan karon babban titi suka bi, Barsu a gaba ba igiya, motocin Zurmi na rage gudu fasinja na leƙowa.

Bayan la'asar sakaliya suka iso tasha, lokacin da majalisa ta fi cika. Babu wata hanyar zuwa gidansa sai ta gaban teburin Jamilu. Aka ga jan kare ya wuce. Aka ga baro da mace a ciki. Aka ga mai turawa, takalmi ɗaya, jijiyoyin wuya a waje.

“Sannu da haikin,” in ji Jamilu. “Muna ta jiran hoto.”

Abbati ya ce, “Kamar da ƙahwarta ka ce.”

Hali zanen dutse. Muttaka ya ji tsohon ciwo ya motsa, ya tsaya ya gyara murya. “Ku ba ku gane dabarar ba. Ai tun da na hita...” Ya saki hannu ɗaya zai yi nuni, baro ya karkata, buhun wake ya zame. Mubaraka ta zuro ƙafa ɗaya waje, ta sauke ta a hankali, har saura ɗan yatsa tsakaninta da ƙasa.

Muttaka ya cafke baro da hannu biyu. “Maida ƙahwar, don Allah,” ya ce, kowa na ji. “Na yi shiru.”

Ta mayar. Ya sunkuyar da kai ya tura, ya wuce majalisa ana ta yi masa Allah ya ba da lada, bai waiwaya ba har ƙofar ɗaki.

Igiyar dai tana nan har yau, ni shaida ne. Tuwon da aka tuƙa a gidan ran nan kuwa, Muttaka ya wanke hannu ya zauna ya miƙo kwano, Mubaraka ta wuce shi ta kai wa Barsu malmalar farko. Ta ce wanda ya je biko shi ke fara ci.